In Ta Kama A Yi, Za A Yi

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, ina bisa keken ɗinki a rumfata da ke layin teloli, sai inuwar mutum ta faɗo a kan yadin da nake ɗinkawa. Na ɗaga kai na ga taubashina ne, ɗan kawuna, wanda yake zaune a ƙauyen surukaina can gaba da Barmu. Wandonsa ya sha laka har cinya, takalmansa suna rataye a wuyansa.

Tun muna yara ni da shi ba mu taɓa haɗuwa babu zagi ba. Shi yakan kira ni ɓarawon ƙyalle, wai babu telan da zai ji ƙanshin aljanna sai ya mayar wa mutane guntayen yadinsu. Ni kuma in kira shi bawana, in tambaye shi ina itacen da na aike shi ya saro mini. Ranar nan sai ya yi mini sallama cikakkiya irin wadda ake yi wa baƙo. Ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa. Na amsa masa duka. Ban san lokacin da ƙafata ta daina taka keken ba.

Ya tsuguna a gefen rumfar ya ce, "An raba."

A wajenmu idan mace tana da ciki, addu'ar da ake yi mata ɗaya ce: Allah shi raba lahiya. Kalmomin nan biyu tare suke tafiya, ba a faɗin ta farko a bar ta biyu. Matata kuwa tana can ɗakin uwarta da tsohon ciki. Na jira ya ƙarasa. Ya zuba wa ƙasa ido.

Na ce, "Wa ya saura?"

Ya ce, "Sai haƙuri, ɗan'uwa. Duka biyun sun tahi. An yi musu sutura. Kori ya cika da ruwa ya tare hanya, shi ya hana ni isowa da wuri."

Maƙwabcina tela, wani dattijo da ba ya yawan magana, ya taso ya ɗaga allurar, ya zare yadin daga keken, ya linke shi. Ya ce in tashi in tafi, shi zai ƙarasa wa mai kayan. Ina tuna na tsaya ina yi masa bayanin inda za a sa aljihu.

Matata gajera ce, ƙarama ƙwarai. Ranar da na fara ganinta ta zo kasuwa ne tare da matan ƙauyensu sayar da tabarmi, ta kawo mini yadi da tsohuwar rigarta don in gwada da ita, tunda a lokacin tela ba ya ɗora metir na awo a jikin mace. Na ɗaga rigar na ce, "Wannan ta ƙanwarki ce?" Ta ce, "In ta yi maka ƙanƙanta sai ka ɗinka ta kyauta." Matan suka yi ta dariya. Shekarun farko ne na mulkin kai, aiki ya yi yawa a layinmu, muna ta ɗinka ƙananan tutoci da 'yan lakkwal, wato makarantar boko, ke kaɗawa idan manya suka zo gari. Da abin da na samu a tutocin nan na yi aure. Ita ta so, ni na so, babu wanda ya tilasta wa wani.

Da ta sami ciki ba ta faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Cikin fari abin kunya ne, ba a ambatonsa, ko tsakanin miji da mata. Wata rana dai ta ajiye rigarta a kan keken da ke gida ta ce wanki ya shanye ta. Na farke gefen na ƙara mata faɗi. Bayan wani lokaci ta sake ajiye ta, ta ce sabulun bana ba shi da kyau. Na sake farkewa. Haka muka yi ta magana a kan cikin, da almakashi da zare.

Zazzaɓi ne ya kai mu gidan likita a tsakiyar bazara. Ma'aikacin da ya ba ta kinin ya dube ta sama da ƙasa, ya ce mu wuce matarniti, inda mata ke haihuwa, a duba ta. Mai karɓar haihuwa a can, wadda muke kira sasfam, 'yar ƙasashen bakin teku ce, babbar mace mai ƙaramar murya, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Ta daɗe da matata a ciki. Daga baya matata ta ce ta auna ƙugunta da wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙeri. Sai ta aiko a kira ni, don an gaya mata na yi 'yan shekaru a lakkwal kafin mahaifina ya cire ni ya kai ni koyon ɗinki.

Ta yi mini magana da Faransanci a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro. Ta haɗa yatsun hannunta na hagu ta yi da'ira, ta dunƙule na dama ta kawo bakin da'irar, bai shiga ba. Sannan ta ce da Hausa, "Ƙofa ƙarami. Kai babba."

Ba ta ɓoye mini komai ba, ina shaida mata wannan. Ta ce mai yiwuwa yaron ya wuce da kansa, ta sha ganin ƙananan mata sun haihu lafiya. Ta ce mai yiwuwa kuma ya maƙale, kuma idan ya maƙale a ƙauye babu abin da hannu zai iya yi. A nan Tawa akwai likita Bature mai sa wa mace maganin barci, ya buɗe cikin ta sama, ƙasa da cibiya, ya ɗauko yaron, ya ɗinke. Ta ce shi ma aikin ana mutuwa a cikinsa, kuma likitan yakan yi tafiya. Amma da 'yarta ce, a nan za ta ajiye ta. Ta ce a kawo ta da zarar wata na tara ya kama, kada a jira naƙuda, kada a jira ruwa ya yi ƙarfi. Da ta ji sana'ata sai ta yi murmushi ta ce to ai na san abin da ake nufi da ɗinki.

A hanyar gida matata tana tafe a bayana. Sai da muka shiga ta ajiye mayafi ta ce, "Mi ta ce maka, tun ɗazu kuna ta yaren Nasara?"

Na rasa ta inda zan ɗauko maganar. Na ce, "Ta ce wuyan rigar ya yi ƙanƙanta ga kan."

Ta yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ta ce, "To yaya tela ka yi in haka ta hwaru?"

"Farkewa yake ta wani wuri, in an gama ya ɗinke."

Ta kalli cikinta, karo na farko a gabana. Ta ja gefen zane ta rufe fuska. Ta ce, "Wagga magana ta hi ƙarhina. Ta manya ce. A gaya ma su Inna."

Al'adarmu ita ce haihuwar fari a ɗakin uwa ake yin ta. Idan ciki ya kai wata bakwai sai dangin mace su zo su tafi da ita goyon ciki, ba ta dawowa sai ta gama wankan jego. Na kwana biyu ina juya abin a raina. In na hana ta tafiya, kamar na ce wa uwarta ba ta iya riƙon ɗiyarta ba, kuma maganar za ta bi mahaifina har masallaci. In na bar ta a can har ta haihu, ga hannun sasfam nan a idona, dunƙulallen da bai shiga ba. Sai na ga akwai hanya a tsakiya. Ta tafi a cika al'ada, in wata na tara ya kama a maido ta Tawa ta zauna kusa da likita. In ta sauka da kanta, alhamdu lillahi. In ta ƙi, ga mai aiki kusa.

Sai dai ni ba ni da bakin da zan faɗa wa surukata wannan. Tun da na auri ɗiyarta ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. In na shiga gidan takan shige ɗaki, mu gaisa ta bakin wani. Suruki ba ya zama da suruka ya yi mata zancen ƙugun ɗiyarta. Saboda haka na tafi wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ita ta kai kayan aurena, ita ce kuma za ta raka matata gida.

Na same ta tana kaɗi a gindin itacen bedi. Na daɗe ina kewaye-kewaye. Ta ce, "Kai, ɗan lakkwal, in bashi kake so ka hwaɗi, ba ni da shi."

Na ce maganar mai ɗakina ce, da abin da ke tare da ita.

Ta ajiye mazarin. "La ilaha illallahu. Cikin hwari kake ma magana da bakinka? Wanga zamani! Ubanka har anka yi sunanka bai yarda ya san an haihe ka ba."

Na ce likita ne ya sa. Na ce an auna ta an ga ƙarama ce, wataƙila sai an yi mata aiki.

"Wane aiki? Daka ko surhe?"

"Aikin likita, Gwaggo."

"Hwaɗa mini da Hausa, ni ban yi lakkwal ba."

Na ce, "In abin ya ƙi fitowa, sai a sa wuƙa a buɗe..."

Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu. "Ya isa, ya isa, marar ta-ido! Na gane. Yanka dai."

Kalmar ba ta yi mini daɗi ba, don rago ake yankawa. Amma na duba na ga ba ƙarya ba ce, wuƙa ce za ta taɓa fata. Na ce, "I, amma Gwaggo, irin wanda..."

"Na ce maka na gane. Ni da na haihi abin da na haiha, kai za ka koya mini? Tashi ka ba ni wuri."

Na ƙara da cewa a gaya musu a maido ta in wata na tara ya kama. Ta ce ta ji, ta ɗauki mazarinta.

Dangin matata suka zo, gwaggo ta raka su, suka tafi da ita a kan jaki, da safe, kafin rana ta yi zafi. Da gwaggo ta dawo na je gaishe ta. Ta ce, "Surukarka mace ce mai hankali. Ban ko gama ba ta ce likita bai hwaɗi ƙarya ba, ita ma ta daɗe da lura yarinyar ƙarama ce. Ta ce a gaya maka ka kwantar da hankalinka. In ta kama a yi, za a yi."

Na ce, "Haka ta ce? Ba ta yi gardama ba?"

"Gardamar mi? Yau anka hwara?"

Na yi mamakin wannan, don na san yadda mutanen ƙauye ke tsoron gidan likita. Amma murna ta hana ni tsayawa a kan maganar. Na tambayi zancen maido ta. Gwaggo ta ce ta faɗa, an ce lokaci bai yi ba tukuna. Na ce gaskiya ne, da saura. Na saya mata goro fari mai kyau.

Bayan an yi shuka na tafi gaishe su. Na zauna da surukina a ƙarƙashin wata aduwa da ke ƙofar gidansa. Mutumin kirki ne, mai sanyin magana. Muka yi zancen iri, muka yi zancen ɓeraye da suka tone shukar farko, muka yi zancen wani bijimi da ya ɓace masa aka gan shi wajen Takanamat. Can na ce, "Baba, hanya ta kusa ɓaci."

Ya ce, "Kowace shekara tana ɓaci, kowace shekara tana gyaruwa."

Na ce, "Saƙon da gwaggo ta kawo..."

Ya ɗaga hannu a hankali, yana kallon wani wuri. "Wannan maganar mata ce, ɗana. An gama ta. Kada ka sa ma ranka damuwa."

Da la'asar matata ta kawo mini fura bayan rumbu, inda ba a ganinmu daga tsakar gida. Ƙafafunta sun kumbura, tana tafiya tana dafa bayanta. Cikin ya yi mata girma har na kawar da kai. Ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta ce, "Ka rame. Wa ke yi maka tuwo?"

"Matar maƙwabci."

"Shi ya sa. Miyarta kamar ruwan wanki." Ta tura mini ƙwaryar. "Ka sayi atamfar?"

Na ce na saya, mai ruwan ganye da ɗigon ja, na ma yanka ta. Rigar da za ta sa ranar suna ce.

Ta ce, "To kada ka ɗinke gehen. Ba ka san yadda zan koma ba. In ka ɗinke ta yanzu sai ta shige mu ni da jakin Baba."

Na ce na ji. Sannan na rage murya na ce, "Maganar nan fa?"

"Inna ta ce an gama ta."

"Yaushe za ku taho?"

"Ban sani ba. In wata ya tsaya, ina ji." Ta gyara zama a kan turmin. "Ban tambaya ba. Yaya zan tambayi Inna wagga magana?"

Na gaya mata na yi magana da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa kasuwar Barmu, ya yi alkawarin zai ajiye mata wuri a gaba, kusa da shi. Ta tafa hannu ta ce, "Gaban kamiyo! Kamar matar kwamanda! Sai ka saya mini madubin ido in sa." Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Aka kira ta daga cikin gida, ba da sunanta ba, ta tashi da ƙyar ta ɗauki ƙwaryar. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Ruwan shekarar nan ya zo da ƙarfi. Kamiyo ya je Barmu ya kafe a hanya, da aka fitar da shi direban ya rantse ba zai koma ba sai kaka. Na aika da saƙo ta hannun wani Buzu mai raƙuma da ke kawo cuku kasuwa, na ce a shirya ta, zan zo da amale mai taushin tafiya. Ya dawo ya ce suna gaishe ni, kowa lafiya lau. Wata ya tsaya. Na yi shawara da Buzun cewa in an ci kasuwar Lahadi za mu tashi ran Litinin. A wannan Lahadin ne taubashina ya zo.

Muka kama hanya ni da shi a ƙasa. Ban taɓa ganin ƙasarmu ta Adar ta yi kyau kamar wannan shekarar ba. Gero ya fi mutum tsawo, duwatsun da kullum suke baƙi sun yi kore, ko'ina ruwa na kwance yana ƙyalli. Da muka iso korin ya ragu, ya dawo iya ƙirji. Muka tuɓe muka ɗora kaya a ka muka ƙetare, yana riƙe da hannuna. A ɗaya gefen muka zauna a kan dutse don mu bushe, a nan ya ba ni labarin, gwargwadon abin da namiji ke iya sani, sauran kuma daga bakin matarsa wadda ta kwana a ɗakin.

Naƙudar ta zo wa matata tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta faɗa ba sai da aka ga ta kasa tashi. Aka kai ta ɗaki, ta durƙusa, aka kira ungozoma. Rana ta faɗi, gari ya waye, ya sake wayewa, tana durƙushe. Aka ba ta rubutu ta sha, aka ba ta jiƙo, aka kwance duk wani ƙulli da ke ɗakin. Ya ce ko sau ɗaya ba a ji muryarta a waje ba.

Ya ce, "Da na ga abin ya daɗe, na tara samari, na ce a ɗaure gado bisa raƙumi, ko mu ɗauke ta a ka, in kori ya hana mu mu jira a bakinsa. Sai anka aiko daga cikin gida anka ce a dakata, ai yanzu za a yi abin da likitan Tawa ya ce."

Na ce, "Wane abu?"

"Yankan mana."

"Wane yanka?"

Ya juyo ya dube ni. "Na gishiri. Ba shi ka aiko gwaggo ta hwaɗi ba?"

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba, bari in gaya masa. Tsofaffin mata suna cewa idan haihuwa ta ƙi, wani abu ne da ake kira gishiri ya taru ya toshe hanyar da yaro zai bi. Maganinsa ungozoma ta sa aska ta tsaga ta ƙasa, a bakin hanyar, jini ya zuba, a ce gishirin ya fita. Shi ne yankan da gwaggona ta sani, shi surukata ta sani, shi uwayensu suka sani. Buɗe ciki ta sama a ɗauko yaro da rai a ɗinke uwar ta tashi, wannan ba su taɓa jin labarinsa ba balle su ƙi shi. Da gwaggo ta toshe kunne ta ce ta gane, abin da ta gane ke nan. Da surukata ta ce in ta kama a yi za a yi, da zuciya ɗaya ta faɗa. Ba ta ga dalilin ɗora mai tsohon ciki a kan jaki zuwa Tawa ba, don abin da ke da mai yinsa a bayan gidanta.

Aka yi mata. Ƙashi ne ya tare yaron, aska ba ta kai ga ƙashi. Washegari ya fito ba rai, namiji ne. Jinin bai tsaya ba. Ta nemi ruwa aka ba ta, ta ce tana jin sanyi aka lulluɓe ta. Kafin azahar ta cika.

Taubashina ya ce, "Mi ya hwaru? Ba haka ba ne?"

Na ce mu tashi, rana na yi.

An binne su a gefen gonar mahaifinta, babban tudu da ƙarami, an ɗora ƙaya saboda kuraye. Ruwa ya riga ya fara lallasa ƙasar. Na tsuguna na yi abin da na iya na addu'a. Sannan na zauna a ƙarƙashin aduwar nan tare da maza, ana zuwa ana gaisuwa. Tsofaffin mata in sun zo wucewa sukan tsaya daga nesa su ce, "Sannu da haƙuri. Yarinyar kirki. Ba ta ba mu kunya ba, ko uhum ba ta ce ba." Suna faɗa ne don in ji sanyi. Ni kuwa ina cewa a raina da ma ta yi ihu tun ranar farko, har a ji ta a Barmu.

Gwaggo ta iso bayana da kwana ɗaya, idanunta sun kumbura. Ta riƙe kaina tana kuka tana cewa, "Mun yi duk abin da anka ce, ɗana, kwana ne ya ƙare." Na ce haka ne, Gwaggo.

Ranar da zan koma, bayan an yi addu'ar bakwai, na shiga zaure in yi sallama. Sai na ji motsi a bayan zanar da ta raba zauren da tsakar gida, aka ce, "Ɗana."

Ban san muryar ba, don ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Na durƙusa na ce, "Na'am, Inna."

Tana tsaye daf da ni. Ina ganin yatsun ƙafarta ta ƙarƙashin zanar. Sannan ta ce, "Yau babu kunya tsakanina da kai, wadda ta haɗa mu ta tahi. Anka ce mini likita ya ce a yanka. Ban ƙi ba. Allah shi ne shaidata ban ƙi ba. Da hannuna na riƙe ta anka yi." Ta dafa zanar. "Tun rannan ba ni barci. Ko mun makara ne? Ko ba a yi shi daidai ba? Kai ka ji da kunnenka, kai ka san yarensu. Hwaɗa mini. Abin da munka yi, ba shi ne likita ya ce ba?"

Na buɗe baki. In na ce shi ne, na yi mata ƙarya a kan kabarin da bai bushe ba, kuma gobe wata yarinyar za ta durƙusa a ɗakin nan. In na ce ba shi ba ne, na ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba, ita da gwaggona, alhali ko ni ban san ko da an kawo ta Tawa za ta rayu ba. Na duba ta kowane gefe ban sami kalmar da ta yi daidai ba.

Na ce, "Inna, hadari ya taso, kori zai sake cika. In an yi girbi zan dawo mu yi maganar a tsanake."

Ta ce, "To. Allah shi kai mu."

Na koma Tawa na buɗe rumfa. Wata ranar kasuwa sasfam ta biyo ta layinmu da yadi a hannu, ta gane ni, ta ce, "Madam fa?" Na gaya mata. Ta ajiye yadin a kan keken, ta tambaye ni da Faransanci me ya sa ban kawo ta ba. Faransancina bai kai ya ɗauki amsar ba, Hausarta kuma ba ta kai ta karɓa ba. Na so in tambaye ta ko likitan yana gari a makon nan ko ya yi tafiya, sai na fasa. Atamfar mai ruwan ganye tana cikin akwatin da ke ƙarƙashin keken a lokacin, gefenta a buɗe yadda ta ce in bar shi.

Abu ɗaya na yi. Na sami taubashina na yi masa bayanin yankan biyu filla-filla, da hannu da komai, ba kunya, na ce ya gaya wa matarsa, ita kuma ta san waɗanda za ta gaya wa. Ban sani ba ko maganar ta kai kunnen surukata. In ta kai, ba ta nuna ba.

Da aka yi girbi na koma kamar yadda na ce, da goro da turmin yadi. Na zauna a zaure na aika a gaya mata na zo. Ta aiko da fura, ta aiko da gaisuwa ta bakin wata jikarta, ba ta zo bayan zana ba. Kunyar ta koma inda take. Haka na yi ta zuwa duk kaka, har bayan na sake aure, har shekarar da fari ya kashe dabbobi, wadda a cikinta ta rasu. Kowane zuwa nakan shirya abin da zan faɗa tun daga bakin kori, in zauna a zaure ina jiran motsi a bayan zanar. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma ban ba ta amsar ba.